Lissafin Ƙetare

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun da asuba, duk na gani, Allah ya bar zumunci. Wayar ce ta faɗa bokitin wanki, sai da ta yi jinya cikin shinkafa. Ke kuma da kika ce in Raliya ba ta tafi ba kin daina karantawa, tun shafi na shida kike faɗin haka, ga ki nan dai har yau.

Don waɗanda suka shigo yanzu: muna shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. A labarin namu an kafa wani kwamiti mai zagaya makarantu, yana ɗaukar ɗalibi ɗaya daga kowace, a tafi da shi Birnin Kebbi ajin haziƙai na lissafi da kimiyya. A Bagudo Raliya ce ta zo ta ɗaya, 'yar Fulanin wata ruga kusa da Kende. Muktar ya zo na biyu. Gwajin allo kawai ya rage.

*

Madam Adetutu, shugabar kwamitin, ta gama rubuta tambayar ta miƙa wa Raliya alli.

Kwale-kwale ne zai tsallaka kogin Kwara, ruwa yana jan sa gefe. A ina zai sauka?

Raliya ta kusa yin dariya. Ita da ta sha tsallaka ruwan nan da ƙwarya a cinya?

Ta zana kogin, ta zana kusurwa uku a kansa, ta fara zuba lambobi. Ajin ya yi tsit, ƙarar alli kawai ake ji. Muktar yana bin ta da leɓe daga kujerarsa, can ya daina, don ta riga ta yanke ta wata hanya ta bar shi a baya.

Malam Bamidele, malaminsu na lissafi, yana jingine da taga yana murmushi. Shi ya karɓi yarinyar nan ba ta iya haɗa jimlar Turanci ba. Yau ga ta tana gudu a allo gaban baƙi.

Sai ta zo matakin ƙarshe, rabawa.

Nan murmushin Malam ya ɗauke.

Kun san yadda muke rabawa a makarantunmu: mai rabawa a hagu, a yi wa lambar rumfa, amsa ta hau saman rumfar. To a ƙetare, a makarantun Faransanci, layi ake ja a tsaye, mai rabawa ya koma dama, amsa ta sauka ƙarƙashinsa, ɗebewa kuma a ka ake yin ta. Tun tana aji ɗaya Malam yake fama da ita, "Yi naki a gefe ki goge, ki rubuta namu." Tana yi kuwa, ba ta taɓa mantawa ba.

Yau da sauri ya zo, hannu ya koma inda ya fara koyo. Ta ja layinta a tsaye, ta saukar da amsa, ta juyo tana haki.

Madam ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Da Turanci ta ce, "Amsar daidai ce. Hanyar da kika bi ma ta fi wadda na tanada gajarta."

Ajin ya ɗauki tafi.

Ta ɗaga hannu, tafin ya tsaya.

"Wa ya koya miki wannan rabawar?"

Raliya ta waiwaya ta kalli allon. Sai a lokacin ta ga abin da ta yi.

"Ni a Idiroko na girma, bakin iyaka," in ji Madam. "Na san wannan hannun. Ba a Najeriya ake koyar da shi ba."

"Wurin kakata Nene na koya, Madam."

"Ina kakar take?"

"Wajen Segbana."

"Wato Benin."

"E, Madam. Can aka yaye ni, na fara makaranta tare da 'ya'yan kawuna, daga baya aka dawo da ni."

"A ina aka haife ki?"

"An ce min Kende."

"An ce miki?"

"To Madam, ni ban gani ba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri. Wallahi ba rashin kunya Raliya ta yi ba, ita gaskiyar da ta sani ta faɗa.

Madam ta nemi takardar haihuwa. A ruga? Ai ko Malam Bamidele bai tsaya amsa wannan ba.

Madam ta zauna. Ba muguwa ba ce, ku bar zaginta a ƙasan shafi. Kafin ta taso an ja mata kunne cewa jiha sabuwa ce, ido yana kan kowa, gurbin nan na 'yan Najeriya ne, ta kula da makarantun bakin iyaka.

Ta ce, "Ba zan wahalar da ku ba. Uba ko uwa ya zo gabana ya ce ɗiyarsa ce, a nan aka haife ta. Shi ke nan, ta shiga mota."

Malam ya sauke numfashi. "Raliya, ina babanki?"

"Sun tahi da shanu, Malam."

"Mamanki fa?"

Raliya ta sunkuyar da kai.

Ya tafa hannu. "Af! Yau kasuwa ta. Na ga Addarki da nono da sahe. Madam, yayarta tana kusa, ko ita za ta iya..."

"Malam."

"Na'am?"

"Ba yayata ba ta. Ita ta haihe ni."

Malam ya saki baki.

"Batulu? Mai nono?"

"Awo."

"Tun aji ɗaya Adda kike ce mata!"

"Haka nika ce mata."

Ya juya ya fassara wa Madam, shi kansa yana tuntuɓe cikin maganar. Madam ta kalle shi, ta kalli Raliya.

"Yayarta ce ko uwarta?"

"Uwarta ce, Madam. Wai."

"Wai?"

Ya ɗauki makullin babur ɗinsa. Raliya ta sha gabansa, idonta ya cika.

"Malam, don Allah kar a kira ta."

"Me ya sa?"

"Ba ta iya hwaɗi."

"Ba ta iya faɗin me? Ke 'yarta ce ko ba 'yarta ba?"

"Ni ɗiyarta ta. Amma ba ta hwaɗi."

Madam ba ta jin Hausa sosai, amma ta ga yarinya tana roƙon kada a kira uwarta. Ta rubuta wani abu, ta rufe biro.

Malam ya fita.

*

Da ƙafa Batulu ta zo, don ba za ta hau bayan babur ɗin namiji ba. Ƙwarya a ka, faifai a rufe. Bayanta matan da suke sayar da nono tare, sun biyo su ji ko lafiya. Bayansu kuma, tsautsayi, ga Baffa Gidaɗo, yayan mijinta, da sandarsa a kafaɗa. A kasuwar dabbobi ya ji an ce makaranta tana neman matar ƙanensa.

Da Raliya ta hango shi, ta san an gama.

Aka fito da kujerar Madam baranda. 'Yan aji suka cika tagogi.

Batulu ta sauke ƙwarya, ta durƙusa can gefe, ta gaishe da Madam, ta gaishe da Malam. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda Raliya take tsaye ba.

Malam ya ce, "Baiwar Allah, tambaya ɗaya ce. Wannan yarinya 'yarki ce?"

Batulu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matan nono suka fara taɓa juna suna ƙunshe dariya.

"Kin ji ni?"

"Na jiya."

"To 'yarki ce?"

A hankali ta ce, "Ta tsohuwa ta."

"Wace tsohuwa?"

"Tsohuwarmu."

"Ta Segbana?"

Ta gyaɗa kai.

Malam ya share gumi. Ya so ya gyara maganar kafin ya fassara, amma Madam ta riga ta ji sunan Segbana.

"Me ta ce?"

"Ta ce... ta kakarta ce."

"Tambaye ta sunan yarinyar."

Ya tambaya.

Batulu ta ƙura wa ƙasa ido. Ta sa ɗan yatsa tana wasa da bakin faifai.

"Sunanta kawai," in ji Malam. "Don girman Allah."

"Ku tambaye ta, ai tana da baki."

Raliya ta runtse ido. Ta san haka za a yi. Tun tashinta "ke" take ji, ko "yarinyar can". Ba ta taɓa damuwa ba, duk 'yan farin rugarsu haka ake musu. Amma ba ta taɓa jin abin a gaban mutane, da Turanci ana fassara shi ba. Yau ya yi mata zafi ƙwarai.

Sai ga murya daga taga.

"Madam, a ba ni izini."

Muktar ne. Ya fito ya tsaya, hannu a baya.

"'Yar fari ce, Madam. A nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane. Kunya ce. Ana ba kaka shi in an yaye. Ko ni yayana, Innarmu ba ta faɗin sunansa. Balle Fulani, balle ga yayan mijinta a tsaye."

Madam ta kalle shi da mamaki.

"Kai ne na biyu, ko?"

"Ni ne."

"Ka san in ba ta tafi ba kai za ka tafi?"

"Na sani, Madam."

Ta girgiza kai. "A garinmu da sunan ɗan fari ake kiran mace. Ni kaina ba mai ce min Adetutu a gida, Maman Yinka ake ce min, kuma ina jin daɗi. Yanzu ka ce min akwai uwar da za ta ga 'yarta za ta rasa irin wannan dama, ta kasa buɗe baki saboda kunya?"

Ta juya wurin Malam. "Kai ka san wannan al'adar?"

Malam ya sosa ƙeya. Shekarunsa da yawa a Bagudo, ya iya Hausa har da ta zagi, ya sha jin ana cewa kunyar ɗan fari. Amma ya ɗauka wasa ne irin na mata.

"Na taɓa ji, Madam. Ban san ta kai haka ba."

Baffa Gidaɗo ya ga magana tana neman lalacewa. Ya matso ya dogara sanda.

"Malam, mi anka ce yarinyag ga ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Baffa. So ake a san 'yar waye."

"Shi ke nan? Ɗiyata ta."

Malam ya yi farin ciki ya fassara da sauri, bai tsaya tunani ba.

Madam ta miƙe tsaye.

"Ɗazu kun ce uban ya tafi da shanu."

"E, Madam, wannan yayan uban ne."

"To me ya sa ya ce 'yarsa ce?"

"Haka ake cewa, Madam."

"Tsaya in gane." Ta fara nuna su da biro ɗaya bayan ɗaya. "Wadda kuka ce yaya ce, ita ce uwa, amma ta ce ba tata ba ce. Wanda ba uba ba, ya ce tasa ce. Yarinyar ta ce kada a kira uwarta. Kakar tana Benin. Lissafin ma na Benin ne."

In ka ji yadda ta jera shi, kai ma sai ka fara shakka.

Ta sassauta murya. "Raliya, ban taɓa ganin kai irin naki ba tun da na fara zagayen nan. Amma in na kai ki aka tambaye ni, me zan ce? Na ba da sharaɗi mai sauƙi, an kasa cikawa."

Ta ɗauki jakarta.

"Muktar, ɗauko kayanka."

"Madam, ni ban..."

Malam ya dafa kafaɗarsa. "Tafi. In ka ƙi, makarantar ce za ta rasa gurbin gaba ɗaya."

Muktar ya kalli Raliya. Ita ba shi take kallo ba.

*

Batulu ta koma gindin darbejiya tana gyara gammo, kamar wadda aka kira ta sayar da nono aka fasa saye.

Raliya ta bi ta.

"Adda."

"Mi?"

"Kalma guda anka ce ki hwaɗi."

"Gaban Baffanki?"

"Kalma guda, Adda."

"Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

"Kin san daren da nika yi ina karatu. Ke ka sayo mini kananzir."

"Nene ta ce a saya."

"Kullum Nene! Nene na Segbana, ta ina ta ga fitilata?"

Batulu ta ɗaure bakin zane, ta kwance, ta sake ɗaurewa.

Raliya ta tsaya tana kallon matar nan. Hancinsu iri ɗaya, kowa yana faɗa. Amma ai ƙanwa ma tana kama da yayarta. Abin da Madam ta jera ya dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ita da ba a taɓa ba ta lissafin da ya gagare ta ba, yau ta kasa gane ko ita wace ce.

"Adda, ko gaskiya ta?"

"Wace gaskiya?"

"Ko ba ke kinka haihe ni ba?"

Hannun Batulu ya tsaya a kan gammo.

"In can anka haihe ni, ki gaya mini. Ba ni hushi. In dai san inda nike."

Batulu ta buɗe baki. Ta waiga, ga Baffa Gidaɗo can yana magana da mai gadi, ga matan nono sun kasa kunne. Ta rufe.

"Tahi ki ɗauko takalmanki mu wuce."

Raliya ta gyaɗa kai a hankali. Hawayen da take riƙewa ya zubo. Ta juya ta nufi aji, ba don takalmi ba, so take ta goge allon nan kafin kowa ya sake kallonsa.

Direba ya tada mota. Madam tana gaba, Muktar yana baya da jakarsa a cinya, kansa a ƙasa.

Malam Bamidele ya zo wucewa ta gindin darbejiya.

"Malam," in ji Batulu, ba ta ɗago ba.

Ya tsaya.

"In motag ga ta hita, sai yaushe?"

"Babu yaushe. Sau ɗaya ake ɗauka."

"Ba ta iya karatun nan gida?"

"Abin da na sani na gama koya mata. Tun bara ita take gyara min amsa. Nan ba mu da ajin da zai ɗauke ta. Za ta gama ta koma ruga."

Ya wuce.

Mota ta fara juyawa ta nufi ƙofa. Mai gadi ya janye ƙyauren.

Batulu ta ɗaga ƙwarya za ta aza a ka. Ta kai ta ƙirji, ta tsaya. Sai ta mayar da ita ƙasa, da ƙarfin da nono ya fantsama ya jiƙa faifai.

Ta miƙe. Mayafin ya zame, ba ta kama shi ba.

"RALIYA!"

Tsuntsayen darbejiya suka watse.

Raliya tana bakin aji, ba ta juyo ba. Ta ji an kira sunanta, amma ba ta san muryar ba. Ta duba tagogi, ta duba wajen Malam.

"Raliya! Ke nika kira!"

Sai ta juyo.

Matan nono sun dafe baki. Baffa Gidaɗo ya juya ya fuskanci bango, ya ja rawani ya rufe kunnuwansa, bawan Allah, don ya rage mata nauyi.

Batulu ta taka tsakiyar fili, ta ɗaga murya wajen motar.

"Ɗiyata ta! Ni na haihe ta! Rugar Kende, da damina, bayan bukkar Nene tun ba ta ƙaura ba! Can cibiyarta take! Malam, gaya mata da Turanci! Gaya mata sunanta Raliya, ni ad da ita!"

Malam ya kwasa da gudu yana ɗaga hannu, takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ba.

Motar ta riga ta sa kai waje.

Raliya ko kallon motar ba ta yi ba. Ta tako har gaban Batulu, tsumman goge allo yana hannunta.

"Adda."

Batulu ta rufe fuska da tafukanta biyu, tana kuka.

"Adda, sake kira."

Ƙiiii! Birki.

Kowa ya waiwaya. Motar ta tsaya rabi a waje, rabi a ciki.

Ƙofa ta buɗe, amma ba ta Madam ba. Ta baya ce, kuma jakar Muktar ce ta fara faɗowa ƙasa.